Toka da Abin Wuya Mai Magana

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da kyanwa mai launin toka. Da aka zo sa wa kyanwar suna ba a sha wahala ba, aka ce Toka.

Auta ta san Toka ciki da waje. In Toka tana jin yunwa, sai ta zo ta goga jiki a ƙafarta. In tana son fita, ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa mutum ido har sai ya ji kunya. In ta ƙoshi, ta hau tagar kicin ta yi ta wanke fuska kamar mai shirin zuwa unguwa. Shekara biyu suna haka, ba su taɓa neman tafinta ba.

Wata safiya ana shan shayi, sai aka karanta wani labari a rediyo. Wai an ƙero abin wuya na kyanwa. Da kyanwa ta yi kuka, sai ya fassara kukan zuwa maganar mutane.

Auta ta ajiye kofinta. "Baba, ka ji?"

Baba mai gyaran rediyo ne da agogo. Ya buɗe cikin na'urori da yawa a rayuwarsa, shi ya sa ba ya saurin mamaki.

"Na ji," in ji shi. "Makon jiya cokali ne mai ƙirga loma. Allah Ya ƙara wa masu ƙira lafiya."

"Amma wannan da gaske ne, Baba."

"Shi ma cokalin da gaske ne. Miƙo min sukari."

Auta tana da kawu, ƙanen Mama. Yana da shago a bakin kasuwa. Duk sabon abin da aka faɗa a rediyo, ba ya wata guda sai ka gan shi rataye a shagonsa. Shi ne ya taɓa kawo wa Baba hula mai fanka. Fankar ta yi aiki sosai, har ta tafi da ɗan sauran gashin da ya rage wa Baba.

Ranar Lahadi sai ga Kawu da ɗan kwali a hannu.

"Ina 'yar gidana? Zo ki ga abin da duniya take ciki."

Abin wuyan ne. Maɗauri ne shuɗi, da ɗan akwati kamar na ashana a gabansa. Auta ta kamo Toka ta ɗaura mata.

Baba ya leƙo. "Auta, ki bar wurin da yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyanta. Kada ki matse ta."

"To, Baba."

Toka ta yi kuka. Akwatin bai ce komai ba. Ta sake yi, shiru.

Kawu ya sosa ƙeya. "Ina jin bai kai kusa da maƙogwaro ba ne."

Baba ya riga ya fita. Auta ta dubi ƙofa, sannan ta ja maɗaurin har hudar ƙarshe. Toka ta yi wani ɗan siririn kuka. Wata 'yar fitila a jikin akwatin ta kawo haske, wata murya mai daɗi ta ce, "Ina farin ciki."

Auta ta yi tsalle. Mama ta fito daga kicin riƙe da ludayi. Yaya, wan Auta, ya ce, "Tambaye ta wa ya shanye madarar jiya."

Toka ta sa ƙafar baya ta sosa wuya, ta sake kuka.

"Ina ƙaunar ku," in ji akwatin.

"Ta iya kauce wa tambaya," in ji Yaya. "Gidanmu ta taso."

Kowace Litinin, Malamar ajin su Auta tana ba da minti goma na labarai. Kowa ya faɗi wani abin mamaki da ya ji ko ya gani. Wata yarinya ta ba da labarin farin kada. Wani yaro ya ba da na laima mai fitila. Sai Auta ta miƙe.

"Kyanwata tana magana," ta ce.

'Yan aji duk suka juyo. Ta yi musu bayani daga farko har ƙarshe.

Malama ta gyara tabarau. "Me da me take faɗa?"

"Tana cewa tana farin ciki. Tana ƙaunarmu. Lafiyarta ƙalau."

"Ta taɓa faɗin abin da ba ki so ji ba?"

Auta ta yi tunani. "A'a, Malama."

"To, lallai tana da ladabi. Ki ci gaba da lura da ita. Litinin mai zuwa ki kawo mana rahoto."

Ranar Talata Auta ta zuba wa Toka abinci. Toka ta sunkuya, ta ɗan lasa, ta ja da baya tana kuka.

"Na ƙoshi, na gode," in ji akwatin.

Auta ta ɗauke kwanon.

Ranar Laraba ma haka aka yi. Ranar Alhamis, Kaka tana zaune a tsakar gida tana gyara maɓallin riga, ta kira ta.

"Ke 'yar nan, kwana nawa rabon da ki ga kyanwar nan a kan taga?"

"Ta canza wurin zama ne, Kaka."

"Ta daina wanke fuska. Ga ta nan sai sosa wuya take yi. Kwanonta kuma kaji ne ke cin moriyarsa."

Auta ta ɗauko Toka ta kawo gaban Kaka. "Toka, me ke damun ki?"

Toka ta buɗe baki da ƙyar.

"Lafiyata ƙalau," in ji akwatin.

"Kin ji da kunnenki, Kaka."

Kaka ta tsinke zare da haƙori. "Na ji. Ni dai kunnena ya tsufa, idona ne bai gama ba. Cire mata abin nan ta huta."

"In na cire, ta yaya zan san abin da take so?"

"Da can ta yaya kike sani?"

Auta ta sauke Toka ƙasa. Tana tunanin rahoton Litinin. Har ta cika shafi biyu da maganganun Toka, kuma duk masu daɗi ne.

Ranar Asabar da hantsi aka nemi Toka aka rasa.

Auta ta duba ƙarƙashin gado. Ta duba bayan randa da cikin kwandon wanki. Yaya ya hau katanga ya leƙa gidan maƙwabta. Mama ta tambayi mai shagon kusa, ya ce bai gan ta ba. Har azahar ba Toka ba labarinta.

Auta ta zauna a bakin ƙofa, inda Toka ta saba zama. Hawaye ya cika mata ido.

Baba ya dawo cin abincin rana. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya kashe rediyo. "Kowa ya yi shiru," ya ce.

Aka yi shiru. Can sai aka ji wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan gida.

"Zo mu yi wasa."

Suka bi muryar har ɗakin ajiya. Ɗaki ne da ake tara tsofaffin kujeru da buhunan da ba kowa ke buɗewa ba. A lungu akwai ragar waya da aka cire daga kejin kaji. Toka tana kwance a jikinta. Ta yi ta goga wuya ne a ragar don ta cire abin wuyan, sai ƙarfen maɗaurin ya maƙale a waya. Ba ta iya gaba, ba ta iya baya.

Ta ɗago ido ta ga Auta, ta yi wani kuka da ba ya fita sosai.

"Ina farin ciki," in ji akwatin.

Ba wanda ya yi dariya, har da Yaya.

Baba ya sa almakashi ya yanke maɗaurin. Gashin wuyan Toka ya zube, wurin ya yi ja, ya yi ciwo kewaye. Baba ya ɗaga maɗaurin ya ga hudar da aka sa. Ya dubi Auta, ya sa shi a aljihu. Da ya yi faɗa ma da Auta ta fi jin sauƙi.

Suka naɗe Toka a tawul suka kai ta wurin likitar dabbobi. Likitar ta wanke ciwon, ta shafa magani, ta ɗiga mata ruwa a baki da sirinji.

"Kwana nawa ba ta ci abinci ba?" ta tambaya.

"Kamar huɗu," in ji Auta.

"Ba ki lura ba?"

"Na lura. Amma ta ce ta ƙoshi."

Likitar ta dubi Baba. Baba ya miƙa mata abin wuyan. Ta jujjuya shi, ta mayar masa.

"Wannan ne na uku a watan nan," ta ce. "Haɗiya ce take mata wuya, shi ya sa ta bar abinci. Kun zo a kan lokaci. A ba ta abu mai laushi, a shafa maganin safe da yamma. Za ta warke."

A hanyar gida Auta ta ce, "Baba, ni na matse shi. Ka ce in bar wurin yatsu biyu, ban bari ba. Kaka ma ta ce in cire, na ƙi. Ka yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji Baba. "Saura Kaka, saura mai wuyan."

Da yamma Baba ya kai Auta shagonsa, ya aika aka kira Kawu. Ya ɗora ɗan akwatin a kan teburin aiki, tsakanin sukurori da agogunan da ba su da hannu. Ya ja aljihun teburin. Aljihun ya yi ƙara kamar yadda ya saba.

"Ina ƙaunar ku," in ji akwatin.

"Shekara ashirin muna tare da teburin nan," in ji Baba, "bai taɓa faɗa min ba."

Kawu ya yi gyaran murya zai yi magana.

"Na ƙoshi, na gode," in ji akwatin.

Auta ta toshe baki. Kawu ya cire hula ya mayar.

Baba ya kwance akwatin ya nuna mata cikinsa. Batir ne, da ɗan lasifika, da wani abu ƙarami mai jin ƙara.

"Magana biyar aka zuba masa," ya ce. "Duk ƙarar da ya ji a kusa, sai ya zaɓi ɗaya ya faɗa. Ƙirga su ki gani. Akwai ta ƙorafi a ciki?"

Auta ta ƙirga da yatsu. "Babu."

"To. Wa zai sayi abin da zai ce masa kyanwarsa ta gaji da shi?"

Kawu ya yi ajiyar zuciya. "Wallahi a kwalin an rubuta an gwada shi."

"An gwada shi mana. Ga shi a kan Toka."

Kawu ya ce gobe zai sauke sauran daga shagonsa. Ya kuma ce zai zo duba mara lafiya, da ɗan kifi.

"Kada dai mu ci zalin akwatin nan," in ji Baba yana mayar da murfin. "Shi ya nuna mana inda take. Aiki ɗaya ya yi, kuma shi ya jawo aikin."

Ranar Litinin Malama ta ce, "Ina mai kyanwa? Rahoto."

Auta ta fito gaban aji. Ba ta buɗe shafuka biyun nan ba. Ta faɗi abin da ya faru duka, har da hudar ƙarshe da ta ja, har da maganar Kaka. Sannan ta ajiye akwatin a kan teburin Malama. Malama ta gyara zama, kujerarta ta yi ƙara.

"Zo mu yi wasa," in ji akwatin.

Aji ya fashe da dariya. Malama ta jira har suka gama.

"Ba yanzu ba," ta ce wa kujerar. Sannan ta juya wajen Auta. "Me kika koya?"

"Toka tana gaya min komai tun da can, Malama. Ni ce na daina kallon ta, saboda akwatin yana faɗin abin da nake so in ji."

"Ku rubuta wannan a littattafanku," in ji Malama. "Sabon abu ba laifi ba ne. Amma in an ce muku abu yana aiki, ku gwada shi, ku tambayi manya. In bakin na'ura ya ce lafiya, idonku kuma ya ga ciwo, ku bi idonku. Gani ya kori ji."

Bayan mako biyu gashin wuyan Toka ya fara fitowa. Wata safiya ta cinye abincinta tas, ta yi tsalle ta hau tagar kicin. Ta lashi hannu, ta shiga wanke fuska a nitse.

Kaka ta dube ta, ta dubi Auta. "To, tafinta, me ta ce?"

"Ta ce ta ƙoshi, Kaka."

"Wa ya gaya miki?"

Auta ta ɗauki kwanon ta nuna mata. Ko ɗigo babu a ciki.

Tun daga ranar, in Auta ta ji labarin sabon abu a rediyo, takan saurara, ta yi mamaki kamar kowa. Amma abin da aka ba ta amanarsa, da idonta take lura da shi.