Jatau, Kauce!

A can da, a wani ƙauye, yara suna wasan jefa ƙwallon goriba cikin tulu. Kafin kowa ya jefa, sai ya ce, "Jatau, kauce!"

Wata rana suka tambayi tsohon da ya ƙirƙiro wasan, "Baba, wane ne Jatau?"

Tsoho ya ce, "Abokina ne, shi ke riƙe tulun. Ranar da ya cinye ni, na ji haushi, na jefa ban ce ya kauce ba. Idonsa ya tsiyaye. Ya bar garin nan, bai dawo ba."

Suka miƙa masa ƙwallo. Ya ce, "Jatau, kauce!" Har yara suka watse bai jefa ba.