Hular da Zanenta Ya Karkace

Ranar Laraba ce, ana yayyafi. Wani dattijo mai ɗinkin hula don sha'awa ya gama hularsa ta farko ta sayarwa. Ya kifa ta a kan turmi zai ɗauki hotonta ya aika wa mai saye, sai ya ga zanen gefe ɗaya ya karkace.

Matarsa ta ce, "Malam, juya wurin ya koma baya mana. Wa zai gani a hoto?"

Ya ce, "Ni na gani."

"Mutumin gobe zai yi tafiya fa, ba zai jira ka ba."

Ya ce, "Allah ya kai shi lafiya."

Ya zauna ya warware aikin mako biyu. Washegari da safe ya zura zare a allura, ya sake farawa.