Birki a Bakin Tekun Samcheok

Hannuna na kan maɓallin ƙofar bas na ji muryarta.

"A'a! Wannan ce direbar?"

Ban buƙaci waiwayawa ba. Muryar da ta taɓa ce mini, a tsakiyar shagonta na wainar shinkafa, gaban masu saye, ɗanta ba zai auri macen da ke kwana a tasha ba... ko a mafarki na ji ta sai na gane ta.

Uwargida Pyo ce, mahaifiyar Mujin.

Na miƙe na rusuna. "Barka da safiya, Mama."

"Ban haife ki ba," ta ce, ta wuce ta zauna a kujerar da ke bayana.

Abin da aka gaya mini a ofis kawai shi ne matan kasuwar Wonju za su yawon bakin teku, in kai su Samcheok in dawo da su. Ba wanda ya ce mini har da ita. Ba wanda ya ce mini har da Chaerin, 'yar mai kantin magani, wadda ta hawo tana riƙe da jakar tsohuwar kamar surukar da aka riga aka kai ɗaki.

Ta sunkuyo daidai kunnena, turarenta ya cika mini hanci.

"Ni na roƙa a ba mu ke, Nari. An ce kin iya kwana."

Kafin in haɗiye wannan, sai ga shi.

Yaya Mujin...

Yana rungume da kular abinci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idonmu ya haɗu, kular ta kusa suɓuce masa.

"Nari..."

"A wuce ciki, malam, ana jira," na ce, ina kallon titi.

Tun bazara rabona da shi. Ranar da ya gaya wa mahaifiyarsa ni zai aura, jininta ya hau aka kwantar da ita a asibiti. Shi kaɗai ta haifa, mahaifinsa ya rasu tun yana goye. Ya ce in yi haƙuri, in ba shi lokaci. Na ba shi, na ƙara masa, har na gaji na ce kar ya sake kirana sai ranar da bakinsa ya buɗe.

Bai kira ba.

Na tada mota.

Tun kafin mu gama hawan duwatsu bas ta kaure. Gwaggo Boksun, shugabar matan, mai sayar da busasshen kifi, ta kama makirfo tana waƙa da muryar da ta fi ƙarfin lasifikar, sauran na tafi, ana miƙa dafaffen ƙwai daga kujera zuwa kujera.

"Gwaggo, a zauna a ɗaura bel!" na ce.

"Ke dai ja motarki, 'yar nan! Na girmi titin nan!"

Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Duk ɗaga idon da zan yi in duba madubi, sai na gan su. Chaerin ta zauna kusa da shi, tana gyara masa kwala, tana miƙa masa ruwa. Shi kuwa madubin yake kallo.

Na rantse ba zan sake dubawa ba. Na sake dubawa.

Da muka gangaro garin Donghae teku ta buɗe a hagunmu, shuɗiya har ƙarshen gani. Matan suka yi ca a tagogi.

"Wayyo, ku ga ruwa!"

"Ɗauke ni hoto, amma ban da tumbina!"

A nan aka haife ni, a irin waɗannan ƙauyukan masunta. Kullum na iso nan ƙirjina kan yi sanyi. Yau kamar an ɗora mini dutse.

Mun shiga hanyar da ke bin gefen dutse, kwana bayan kwana, ruwa na dukan duwatsu can ƙasa, sai na ji waƙa ta tsaya. Chaerin ta karɓi makirfo.

"Iyayena, ina da albishir," ta ce da zaƙin murya. "Mama ta ce in faɗa a gaban teku don ya yi albarka. In kaka ta yi, za ku sha bikina da Yaya Mujin!"

Guɗa ta tashi. Tafi ya cika mota.

"Chaerin!" Muryar Mujin ce. "Wa ya ce..."

"Ni na ce," mahaifiyarsa ta katse shi. "Zauna."

Na jira in ji sauran maganarsa.

Sai ya koma ya zauna.

Titin ya fara rawa a idona. Farin layin tsakiya ya zama biyu. Na ƙifta, hawaye suka zubo, wasu suka sake cikowa. Ga kwana a gaba, ga iyayen mutane cike da mota.

Na kunna sigina, na gangara wani fili da masu ɗaukar hoto ke tsayawa, na taka birki.

"Lafiya? Mun iso ne?" in ji Gwaggo Boksun.

Na jawo makirfon direba. Na so in ce taya zan duba, bakina ya ƙi.

"Ku gafarce ni, iyayena. Ba na ganin hanya. Ba zan ja ku a haka ba."

Na buɗe ƙofa na fita.

Iska ta buge ni. Na kama ƙarfen da ke bakin dutsen na saki kukan da nake riƙewa tun safe. Ban ji takunsa ba, sai hannunsa a kafaɗata.

"Nari, masoyiyata, wallahi ban sani ba..."

"Sake ni!"

"Ki saurare ni, abar ƙaunata. Ba na barci. Na sha ɗaukar waya in ajiye."

"To me ya amfane ni?" Na juyo. "Ni ba a nan nake son ji ba, Yaya. A nan teku ce kawai ke jinka. Kullum a bayan ido kake sona!"

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya juya da sauri ya hau motar.

Na ji lasifika ta yi ƙara. Ƙofa a buɗe take, komai na fitowa.

"Mama..." Muryar Mujin ce ta fito. "Mama, na yi shiru don ina tsoron in rasa ki. Har yanzu ina tsoro. Amma ba zan auri Chaerin ba. Ban taɓa ce mata zan aure ta ba, ita ma ta sani. Nari nake so. In ba ita ba, na haƙura da aure."

"Kashe ni za ka yi ke nan!"

"Maganinki na aljihuna, Mama. Kuma ba inda za ni. Ina son ku duka biyu, ki bar ni in riƙe ku."

Can Gwaggo Boksun ta yi gyaran murya.

"Ke Pyo, dama wannan ce yarinyar? Wannan da ta tsaya da mu? Ni da an yi mini haka a ƙuruciya, da tuni dukanmu muna ƙasa kifi na cinmu!"

Wata ta yi dariya, wata ta ce, "Gaskiya ne." Na ji Chaerin na faɗin, "Mama, ki yi magana mana!"

Na wanke fuska da ruwan gora, na jira har idona ya washe, sannan na koma. Chaerin ta tattara jakarta ta koma kujerar ƙarshe, ta toshe fuska da baƙin tabarau. A tashar Samcheok ta sauka, ba ta dawo ba.

Mujin ya buɗe 'yar kujerar da ke kusa da ƙofa ya zauna gefena.

Da la'asar muka kama hanyar gida. Ina jin numfashin Uwargida Pyo a ƙeyata. Sai da muka tsaya a wata danja na ga hannunta ya zuro ta gefen kujera, ta dangwara wa ɗanta ɓararren lemo a cinya.

"Ba wa direbarka," ta ce tana kallon taga. "Tun safe ban ga ta sa komai a baki ba. Ni ba zan mutu a rami saboda yunwar wata ba."

Na dubi madubi. "Na gode, Mama."

Ta ja tsaki. Amma ba ta ce ba ta haife ni ba.

Da bazara ta zagayo aka ɗaura mana aure a ƙauyenmu. Ita ta yi wainar bikin da hannunta, tana yi tana mita wai dangina sun cika ci.