Taliyar da Umma Ta Ƙi Taɓawa

"Umma, don Allah ko cokali ɗaya..."

"Na ƙoshi."

Ƙarya ce wallahi! Tun asuba shayi kawai ta sha, muka wuni muna yawon shaguna a Al Buteen, nan Dubai, tana zaɓen gyale na kaiwa Kano. Yanzu ga mu a wani ɗan gidan abincin 'yan Tailan da Biyetnam a Satwa, an ajiye mata kwano fal da romon naman sa da taliya, ƙamshin na'a-na'a da lemon tsami yana tashi, amma ta naɗe hannu kamar an kawo ta asibiti.

Abdul-Wahid yana zaune gabanmu, gumi na bin wuyansa duk da sanyin wurin. Mutumin unguwar Nima ne ta Accra, yana aiki a wani otal a unguwar Port Saeed ta nan Dubai. Shekara biyu muna son juna, yau ne Umma ta fara ganinsa, kuma abin da ta faɗa shi Abba zai bi.

"Mma, in ba ki so wannan, akwai shinkafa da miyar kwakwa," ya ce. "Duka halal ne, na tambaya."

"Allah ya yi albarka."

Ta tambaye shi iyayensa, ta tambayi masallacin da yake sallar Juma'a. Yana amsawa, tana kallon bango. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Shi ma ya ajiye tsinkayen cin abincin. Ni kuwa zuciyata ta gama karyewa, don na san halin Umma, in ba ta son abu ba ta faɗa.

"Je ka nemo mana mota," ta ce masa a hankali.

Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya fita.

Hawaye suka ɓalle min. "Umma, me ya yi miki? Don ba ɗan Kano ba ne? Wallahi ina son sa, in kika ƙi shi ban san..."

"Ke Na'ima, miƙo min barkonon can."

Na ɗago. Umma ta jawo kwanon, ta ture tsinkayen gefe, ta kama cokali tana zuba loma ba ji ba gani!

"Umma...?"

"Laifina ne da na bari kika tashi a Dubai. Wace uwa ce mai kunya take buɗe baki ta ci abinci a gaban surukinta?"

"Surukinki?"

"To na wa? Kin manta ranar da Muhsin, tsohon saurayinki, ya kai mu cin gasasshen kifi? Har ƙaya na tsotse a gabansa, don na san ba inda zancen zai je. Wannan kuwa tun da ya durƙusa ya gaishe ni a bakin titi, mutane na kallo, na san an gama."

Na faɗa jikinta ina kuka ina dariya, har mai kawo abincin ta tsaya tana kallonmu.

"Khalas, ya isa haka, za ki zubar min da romo! Je ki gaya masa ya turo manyansa wurin Abbanki, kafin bawan Allah ya suma a rana." Ta ƙara loma. "Amma ki tsare min shi a waje, kar ya shigo sai na gama."