Ciyawar Bakin Raga

Ranar Juma'ar farko ta kakar wasa, cikin sanyin Fabrairu, Clodagh Tierney ta shiga filin Portcullen Town a hutun rabin lokaci da cebur mai yatsu a kafaɗa. Mahaifinta Dessie ne mai kula da filin, shekara talatin da ɗaya ke nan. Aikinta a waɗannan mintuna sha biyar shi ne ta bi duk inda takalman 'yan wasa suka ɓantare ciyawa, ta mayar da ita gurbinta, ta danne da ƙafa.

Da ta isa bakin raga sai ta tarar an riga ta. Sabon golan da aka ɗauko daga Donegal, Fintan Boyle, bai bi sauran ɗakin canza kaya ba. Yana durƙushe cikin caɓi yana jera ɓantararriyar ciyawa.

"Bawan Allah, so kake a kore ni daga aiki?"

Ya ɗago, fuska duk taɓo. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Duba min wannan, na sa shi daidai?"

"A juye ka sa. Saiwar na kallon sama."

Ya dubi ciyawar, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. Ita ma ta yi, ba ta so ba.

Ranar Lahadi saƙo ya shigo wayarta: "Shugabar ciyawa, ɗalibinki ne mai juya saiwa. Zan samu darasi ranar Talata? Kuɗin makaranta soyayyen dankali ne a bakin tashar jiragen ruwa."

Sai da ta kwana biyu ta amsa: "Ƙarfe ɗaya, lokacin hutuna. Minti arba'in kawai. Ina da 'ya, sunanta Nessa, shekararta huɗu. Gara ka sani tun yanzu."

"Na sani tun jiya. Zan zo da wuri."

A kan bencin tashar ta faɗa masa sauran. Mahaifin Nessa ma ɗan wasa ne, ɗan gaba, daga Ingila. Kwantiragin 'yan wasan kulob irin namu na mako arba'in ne, daga Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan kowa ya kama gabansa. Shi ma ya kama nasa wata Nuwamba, ta rage wata uku ta haihu, bai ƙara waiwayowa ba. Saboda haka ta gindaya wa Fintan sharaɗi guda: zai gan ta duk Talata, amma ba zai ga Nessa ba, ko gaisuwa, sai ranar da ta tabbata Nuwamba ba za ta tafi da shi ba. Babba zai iya haɗiye rabuwa. Yarinya 'yar shekara huɗu kuwa taga za ta zauna tana jira.

Ya ce ya yarda. Ya tura mata sauran dankalinsa.

Haka Talatoci suka yi ta wucewa. Yana kiranta Shugaba, tana kiransa Ɗan Donegal. Da safe kafin ta buɗe kantin maganin da take aiki sai ta ga saƙo: "Shugaba, kin sha shayi kuwa, ko kin sake ba Nessa naki burodin?" Takan yi murmushi ta ɓoye wayar, sai kuma ta kalli kalandar bango, murmushin ya gushe.

A watan Mayu labari ya kai kunnen Dessie, kamar yadda komai ke kai wa kowa a garinmu. Bai ɗaga murya ba. Yana wanke hannu a kicin ya ce mata 'yan wasa sun fi ɗari huɗu da suka taka filinsa, ta ƙirga masa waɗanda suka ci abincin Kirsimeti a Portcullen.

"Baba, wannan daban ne."

"Wancan ma haka kika ce. Ni na ɗauke ki daga ƙasan bene kina kuka da ciki wata shida. Ba zan sake ba, ƙarfina bai kai ba."

Fintan ya je da kansa rumfar da Dessie ke ajiye injin yankan ciyawa, ya cire hula ya gaishe shi, ya ce da gaske yake. Dessie ya saurare shi har ƙarshe, butar shayi na tafasa a gefensa, bai ce masa ga kofi ba. A wurinmu babu korar da ta fi wannan. Daga Lahadin nan kuma sai Ultan Keane, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai aikin dindindin da fansho, ya fara bayyana a teburin cin abincinsu bisa gayyatar Dessie, yana yabon dankalin Bernie, mahaifiyar Clodagh.

Ana cikin haka kulob ya ƙi faɗuwa. Portcullen, da rabonta da kofin lig shekara arba'in da uku, ta hau saman teburin gasa a watan Yuni ta ƙi sauka. Wasa goma sha huɗu ba a zura wa Fintan ƙwallo ba. Gari ya rikice da murna, mahauta suka rataya tutar kulob, Fada, limamin cocinmu, ya fara gajarta huɗubar Lahadi don a samu lokacin hirar wasa. Clodagh kaɗai ke kallon wasu baƙi masu dogayen kwat da ƙananan littattafai da suka fara zama a saman rumfar 'yan kallo. Masu nema wa manyan kulob 'yan wasa ne. Duk ƙwallon da Fintan ya ture, sai su sunkuya su rubuta. Wata Juma'a ta kama kanta tana fatan ƙwallo ta wuce shi, ko guda ɗaya ce. Ta koma gida tana jin kunyar kanta.

A gida kuma ta tarar Nessa ta zana mutum mai riga rawaya da manyan hannuwa ta manna a jikin firji.

"Mama, me ya sa golan nan yake kallon wajenmu kullum?"

"Kowa yake kallo, 'yar lele. Je ki wanke hannu."

Saura wasa uku a gama, Ultan ya shigo kantin magani sayen abin da bai buƙata, ya miƙa mata wayarsa yana cewa ba ya son ta ji a bakin wani. Hoton Fintan ne a wani otal a Dublin, yana musabaha da kocin wani babban kulob.

Ta rubuta wa Fintan: "Ka je Dublin?"

"Na je. Shekara biyu suka ba ni, cikakken albashi har lokacin hutu. Sun ce in ba su amsa ranar Litinin bayan wasan ƙarshe. Ban faɗa miki ba don ban san me zan ce musu ba. Shekarata ashirin da takwas, Shugaba, ba a taɓa yi min irin wannan tayin ba. Ku zo mu tafi tare."

"In cire Nessa daga makarantarta da kakanninta in bi kwantiragi? Bayan shekara biyu kuma sai ina? Tunda ba ka san amsar da za ka ba su ba, ni na ji tawa. Kada ka zo Talata."

Ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Mako uku tana shiga fili a hutun rabin lokaci, tana farawa daga ragar da ba tasa ba. Ta rame. Bernie ta lura, ta daina sa wa Ultan faranti.

Wasan ƙarshe a gida ne, kuma nasara kaɗai za ta ba su kofin. Tun Talata ruwa ya tsuge bai ɗauke ba. Bernie ta fitar da ɗan mutum-mutumin ibada da ake kira Jaririn Prague ta ajiye a ƙarƙashin shingen ganye, yadda ake yi a jajibirin biki don a samu hasken rana, amma sama ba ta kula ba. Hukumar gasa ta aiko cewa alƙalin wasa zai duba filin ƙarfe uku na ranar Juma'a. In ƙwallo ba ta gangara ba, za a kai wasan wani gari. Clodagh ta san shekara talatin da ɗaya Dessie yana shirya filin nan don wannan ranar.

Gari na wayewa ranar Juma'a Dessie yana fili, ga ciwon baya. Kafin ƙarfe takwas mutane sun fi sittin, masunta da malaman makaranta da tsofaffi, kowa da ceburin lambunsa, ana huda ƙasa layi layi don ruwa ya shige. Ko'ina ruwan yana ja, ban da bakin ragar da ke ɓangaren teku, wadda ta zama tafki.

Koci ya umarci 'yan wasa kada wanda ya fito daga gida kafin yamma. Clodagh ta ɗago ta ga Fintan tsaye a tsakiyar tafkin, ba safar hannu, yana danna cebur da ƙafa yana girgizawa yana zarewa.

Dessie ya riga ta isa wurinsa. Ya ce masa ya koma gida, gola da hannuwansa yake ci, in ya yi bororo gari ba zai yafe wa kowa ba. Fintan ya ci gaba da huda ƙasa. Can ya tambaya me ya sa nan kaɗai ke riƙe ruwa. Dessie ya ce tsohuwar magudanar ƙarƙashi ce ta rufta. Sai an tona wurin gaba ɗaya, a sa sabon bututu, a zuba yashi, a shuka iri, kuma dole a Nuwamba in ana son ciyawa ta kama kafin Fabrairu. Shekara shida yana son yi, ba ya samun mai taya shi, don a Nuwamba kowa ya watse.

"Wace rana a Nuwambar?"

Dessie ya tsaya. "Me ka ce, samari?"

"Wace rana za mu fara tonon? Ba na son in sake tsayawa cikin tafkin nan baɗi."

Clodagh na bayansu, ruwa na zuba daga hularta. Fintan ya goge hannu a wando, ya ciro waya ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Saƙo ne zuwa ga kocin Dublin, an tura shi ƙarfe bakwai saura na safiyar nan: "Na gode da karamcinku, amma ba zan zo ba. Ina da aiki a nan."

"Ba ka ma san ko za ku ci ba," in ji ta. "Ba ka san ko za su sabunta maka kwantiragi ba."

"Shi ya sa na tura tun da safe. In na jira bayan wasa, za ki ce kofi ne ya riƙe ni. Na yi magana da masana'antar kifi, za su ɗauke ni har Fabrairu. Zan riƙa wari, Shugaba, gara ki sani tun yanzu."

Dessie ya kalli ruwan da ke kewaye da takalmansu. Sannan ya ciro filas daga aljihun rigar ruwansa, ya tsiyaya shayi a murfin, ya miƙa wa Fintan.

"Sha. Ranar huɗu ga wata, ƙarfe takwas. Kuma ka daina danna ceburin a miƙe, karkata shi, kana kashe min saiwa."

Ƙarfe uku alƙali ya zo da ƙwallo a hammata. Ya sake ta a tsakiyar fili, ta yi tsalle. Ya gangara ta a bakin ragar teku, mutum sittin sun riƙe numfashi. Ta tafi a hankali, ta tafi, ta ƙetare layi. Ya gyaɗa kai ya ce za a buga.

A rumfar Dessie Clodagh ta zaunar da Fintan a kan buhun iri ta buɗe tafukansa. Bororo shida, biyu sun fashe. Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe da filasta tana yi masa faɗa, hawaye na ɗiga a kan aikin nata. Ya ce in za ta ci gaba da jiƙa filastar, gara ta kira Ultan ya tsare ragar.

Portcullen ta ci ɗaya a minti na sittin. A minti na tamanin da takwas abokan karawarsu suka buga wata ƙwallo ƙasa-ƙasa daga bakin da'ira. Ta dira daidai inda tafkin yake da safe, ta taso kamar a busasshiyar ƙasa, Fintan ya faɗa mata ya rungume. Clodagh ta ga yadda ya runtse ido don zafi, bai saki ba.

Da aka busa tashi gari ya kwarara cikin fili, Dessie bai ko hana ba. Clodagh ta ratsa cunkoson da Nessa a kafaɗa har bakin raga, ta sauke ta a gabansa.

"Nessa, wannan Fintan ne. Zai zo cin abinci ranar Lahadi."

Yarinyar ta dubi filastar da ta jiƙe da jini, ta tambaye shi ko ya yi kuka. Ya durƙusa ya ce kaɗan. Ta ce ita ma kaɗan take yi, ta kama ɗan yatsansa da bai ji ciwo ba.

Ranar huɗu ga Nuwamba suka fara tono, kwana tara suka yi. An ɗaura aure a cocin Portcullen ranar Asabar ta biyu ta Disamba, Nessa na gaba da kwandon furanni. Bernie ta sake fitar da Jaririn Prague, aka kuma sake yin ruwa kamar da bakin ƙwarya. A wurin walima Dessie ya miƙe da kofi a hannu, ya ce shi ba mai dogon jawabi ba ne. Ya ce ya biya ta fili da safe kafin coci, ruwan nan duka bai kwanta a bakin raga ba, kuma ciyawar ta fara tsirowa.

"Allah ya sa gidanku ya kama kamar yadda ta kama. Allah ya raya mana Nessa a tsakaninku."

Aka amsa da amin. Clodagh ta laluba ƙarƙashin tebur ta riƙe hannun mijinta, ta ji tabon bororon nan shida a tafinsa.