Ba a Tambayi Inusa Ba

Mariyama tana ɗaure wa mijinta Inusa guzurin tafiya asibiti, tana hawaye. Shi kuwa yana bakin rumbu yana tsokanarta, wai gero ya ƙare ne take zuba hawaye a fura?

Tun da buhun gyaɗa ya faɗo masa a ka a wurin cin rani a Kano, Inusa yakan birkice, ya fasa tukwane, ya yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. In abin ya sake shi, sai ya koma mai ban dariyar nan da ta aura. Yayansa Lawwali dai ya gaji da surutun mutanen garinsu Matameye. Ya je Damagaram, wani likita Nasara ya ce akwai aikin da ake yi a ƙwaƙwalwa, mutum ya lafa, amma mai yiwuwa ba zai dawo yadda yake ba. Lawwali ya dangwala yatsa a takarda a madadin ƙaninsa.

A gidansu ba a gaya wa majinyaci abin da za a yi masa, wai kada zuciyarsa ta karye. Aka ce wa Inusa allura ce kawai. Mariyama ta roƙi a tambaye shi, tunda ga shi da hankalinsa.

"Yaushe mace ta fara shiga maganar manya?" in ji Lawwali.

Ita ma ta ɓoye wa Inusa gaskiyar, kuma wannan ɓoyon ya fi komai ci mata rai.

Bayan wata biyu aka dawo da shi da tabo a goshi. Ihu ya ƙare, dariya ma ta ƙare. Yana kallonta kamar baƙuwa. Dangi suka yi ta hamdala, har suka ce in tana so a sawwaƙe mata. Ta ƙi. Shekara huɗu tana ba shi abinci a baki, tana ba shi labarin kansa.

Wata safiya da damina ya kama hannunta.

"Mariyama, tun a lokacin kin san abin da za su yi mini?"

"Na sani," ta ce, tana kuka.

Ya daɗe kafin ya haɗa kalmomin. "Na yafe miki. Wataƙila ma da na yarda. Amma da kun tambaye ni."

Haƙurinta ya dawo mata da muryarsa, bai dawo da shi duka ba. Mai ciwo, in yana da baki, a bar shi ya faɗi nasa.