Laftof Mai Tsagaggen Gilashi

Ranar Asabar ce da hantsi. Sufeto Ishawu bai ko gama shan kokonsa ba, sai ga wani mutum ya shigo caji ofis na unguwar Nima yana kumfar baki, wata budurwa na biye da shi, 'yan kallo na biye da su.

Mutumin Rauf ne, mai ɗan ofishin kwamfuta a saman bene kan hanyar Maamobi. Budurwar kuwa Zuera ce, ma'aikaciyarsa.

"Ofisa, ɓarauniya na kawo maka. Ta rushe mini aikin wata uku, ta ɓoye laftof ɗin ofis, yau da safe ta zo tana cewa wai an sace."

"A hanya ma haka ka riƙa kiranta?"

"Tun daga gindin bene. Kowa ya ji."

Sufeto ya rubuta wannan ma. Magana in ta fita a unguwannin Zongo ba ta komawa gida, kuma wanda ya sake ta shi ke da nauyinta.

Aikin da ake faɗa a kai manhaja ce ta dillalan doya na kasuwar Agbogbloshie. Direba in ya taso daga arewa ya shiga ya faɗa, dillali ya duba wayarsa ya san ranar da motarsa za ta iso. Litinin za a nuna wa manyan kasuwa. In Rauf ya sa hannu a takardar ƙara, Zuera a sel za ta jira kotu, kuma daga Nima har Kotobabi ba mai sake ba ta aiki ko na shara.

"Kar ka sa hannu tukuna," in ji Sufeto. "Mu je in ga wurin."

Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur uku. Sufeto ya duba ƙofa, ba a fasa ba. A teburin Rauf ga sabuwar laftof tana sheƙi.

"Wannan jiya a nan ta wuni?"

"A nan."

"Wadda aka ɗauka fa?"

"Tsohuwa ce," in ji Rauf. "Gilashinta a tsage, an ɗaure ta da salatif."

Sufeto ya sake duban sabuwar laftof ɗin. Ɓarawon da zai tsallake rago ya ɗauki gurguwar kaza, ba nama ya zo nema ba.

A tebur na uku akwai wani dogo mai tabarau, Kassim, babban mai rubuta manhajar. Ya miƙe da ladabi ya juyo da kwamfutarsa.

"Ofisa, ga shaida. Muna da wani abu da ake kira git. Duk wanda ya taɓa aikin sai ya ajiye abin da ya yi, da sunansa da lokaci. Komit muke ce wa kowace ajiya. Ranar Alhamis akwai ɗari huɗu da goma sha biyu a rumbunmu na intanet. Duba yau."

Guda ɗaya ce tal. Sunan Zuera a jiki, Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti goma.

"An share na baya duka, an ɗora wannan. Kuma ita ma manhajar ba ta tashi."

"Ƙarfe ɗaya da goma kana ina?"

"Masallaci, ni da Masta Rauf. Ita muke bar wa ofis kowace Juma'a."

"Sahu ɗaya kuka tsaya?"

Rauf ya sosa ƙeya. "Tare muka fita dai. Ka san cunkoson Juma'a. Daga can na ci abinci na wuce kasuwa wurin dillalai."

Sufeto ya fitar da Zuera baranda.

"Kina ina a lokacin?"

"Ina ofis, Ofisa."

"Ba ki fita ba?"

"Ban fita ba."

"To a gabanki aka ɗauki laftof ɗin?"

Ta sunkuyar da kai, ta kama murza bakin mayafinta. Sufeto ya bar ta a nan, ya sauka ƙasa.

A gindin benen akwai Mma Amama mai waakye, wato shinkafa da wake. Shekara talatin tana zaune a wurin nan, ba ta san baƙi ba balle boko, amma ba ƙafar da ke hawa benen nan ba ta ƙirga ba.

"Ɗana, zauna. Ba a tambaya a tsaye. Da ƙwai ko da kifi?"

"Mma, ina kan aiki."

"Aikin ba zai gudu ba, ai ba shi ya yi satar ba."

Ya zauna. Ta zuba masa, ta ce yarinyar ta hau trotro, motar haya, ƙarfe sha biyu da rabi, ba ta dawo ba sai bayan biyu. Mazan biyu sun wuce masallaci da dardumansu. Da aka tayar da salla ita ma ta shiga ciki ta yi tata.

"Wa ya dawo?"

"Rauf ya dawo cikin jama'a, ya ci na gabansa ya wuce. Mai tabarau ban ga dawowarsa ba. Saukowarsa na gani."

"Riƙe da me?"

"Dardumarsa. Amma ɗana, darduma naɗe ta ake yi a maƙale a hammata. Shi ninke ta ya yi, ya rungume a ƙirji kamar an ba shi riƙon jariri. Ko gaisuwa bai yi ba. Ina nan ina jiran gaisuwata."

Sufeto ya koma baranda.

"Trotro ɗin sha biyu da rabi ina ya kai ki?"

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta ce uwarta take kai wa asibiti duk Juma'a, ciwon suga. Ba ta taɓa neman izini ba. Ta bar laftof a durowa, ta dawo ba ta gan ta ba, tsoro ya hana ta faɗa sai da gari ya waye.

"Ƙaryar nan taki ta kusa kai ki kurkuku. Yanzu faɗa mini gaskiya guda: me ke cikin tsohuwar laftof da babu a sabuwa?"

Ta ɗago kai a hankali. "Tarihin, Ofisa. Haka git yake. Duk kwamfutar da ke aikin tana riƙe da komit ɗin kaf, tun daga na farko. Ko an share na intanet, da tawa zan mayar cikin minti biyu. Masta Rauf ba ya rubutu, babu a tasa."

"Ta Kassim fa?"

"Ya ce da ya jawo sabon, nasa ya goge."

"Sunanki da ke jiki?"

"Suna ai rubutawa ake. Kowa zai iya sa sunan kowa. Mabuɗi ɗaya muke shiga rumbun da shi mu duka, Masta ya ce ya fi sauƙi."

"To nemo mini abin da mutum ba ya rubutawa da hannunsa."

Aka ba ta laftof ɗin Rauf a baranda. Ta buɗe komit ɗin da ya rage, tana bi fayil fayil. Sufeto na tsaye a kanta, bai gane ko layi ɗaya ba, bai kuma matsa ba. Can sai yatsanta ya tsaya.

"Mene ne?"

Ta yi shiru.

"Zuera."

"Ofisa, shi ya koya mini aikin nan. Ban san ko kunna kwamfuta ba ya zaunar da ni."

"Ya koya miki, Allah ya saka masa. Bai saye ki ba. Faɗi."

Ta faɗa masa yadda zai gane. Manhaja kamar miya ce, ba komai mai girki ke nomawa ba. Akwai kayan haɗi da wasu suka riga suka yi, ɗaukowa ake. Akwai ɗan aike a cikin kwamfuta, npm, shi ke zuwa cefanen. In ya dawo sai ya rubuta takardar abin da ya kawo da irinsa, don gobe kowa ya sami iri ɗaya. A saman takardar yana buga lamba. Sabon ɗan aike uku yake bugawa. Tsoho ɗaya.

Ta nuna masa. Ɗaya ce.

"Taki me take bugawa?"

"Uku."

"Wa zai shaida, tunda babu laftof ɗin?"

Ta ciro wayarta, ta buɗe zauren hirarsu na ofis, ta ja baya wata guda. Ga saƙonta: "Yaya Kassim, don Allah ka sabunta npm ɗinka, duk sanda ka yi cefane takardar tana komawa ɗaya, aiki yana lalacewa." Ga amsarsa a ƙasa: "Kwamfutata ba a taɓa ta. Ni na koya miki, ba ke za ki koya mini ba."

Sufeto ya karanta sau biyu. Ya kira Kofur Hamdia a waya ya ce ta zo.

Ya shiga ofis ya jawo kujera tsakiyar ɗaki.

"Ni ban iya kwamfuta ba, amma na iya gwaji. Kowa ya goge takardar cefanen nan a tasa, ya sake aiken ɗan aikensa. Mu ga lambar da za ta fito."

Zuera ta yi a ta Rauf. Rubutu ya yi ta gudu, ya tsaya. Uku.

"Kassim, bismillah."

"Ofisa, netwok ba kyau yau."

"Ita da wane ta yi?"

"Tawa tana jinkiri. Kuma caji ya yi ƙasa."

Sufeto ya ɗauki waya da hannunsa ya jona masa a bango. "Ba inda za ni. Na ci waakye."

Kassim ya danna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun rubutun bai tsaya ba gumi ya jiƙa masa kwala. Rubutun ya tsaya. Sufeto ya sa yatsa a saman takardar.

"Masta Rauf, karanta mana."

"Ɗaya," in ji Rauf, murya ƙasa ƙasa.

"Kassim, suna ka sa nata, ka yi dabara. Amma ɗan aikenka bai san ana ɓoyo ba, ya buga tambarinsa. Ka shiga masallaci ta ƙofa ɗaya ka fita ta wata. Me ke cikin dardumar da ka runguma?"

Kassim ya cire tabarau ya ajiye a tebur. 

"Ranar Laraba na canza wani kayan haɗi ban faɗa wa kowa ba. Manhaja ta daina aika wa direbobi saƙo. Masta ya ce yau Asabar zai zauna ya bi tarihi ya ga wanda ya ɓata."

"Don wannan kaɗai?"

"In ya bi zai ga sauran. Cikin ɗari huɗun nan, ɗari uku nata ne. Ni kuwa kullum ce masa nake ni na yi, ita tana taya ni."

Rauf ya buɗe baki, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Na san tana fita Juma'a. Na share, na sa sunanta. Har na kai ƙofa na tuna tata laftof ɗin. Niyyata in kwafe mai kyau daga ciki, in kawo ran Lahadi in ce kwana na yi na sake ginawa."

"Ita kuma?"

"Na ɗauka korarta kawai zai yi."

"Kawai," in ji Sufeto. "Ina laftof ɗin?"

"Kotobabi. Ƙarƙashin gado."

Kofur Hamdia ta tafi da shi, suka dawo kafin azahar. Laftof ɗin tana nan cikin dardumar, da salatif ɗinta. Sufeto ya ce shaida ce, caji ofis za ta, amma ya ba Zuera minti goma a gabansa.

Ba ta ci goma ba. Ta tura tarihin ya koma rumbu, ɗari huɗu da goma sha biyu cif. Ta nemo komit ɗin Laraba, ta mayar da kayan haɗin yadda yake da, ta sake cefane. Ta danna. Wayar Rauf ta yi ƙara a aljihunsa: saƙon gwaji, motar doya ta taso daga Bimbila.

"Kuma daga yau kowa da mabuɗinsa," ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Kofur ta sa wa Kassim ankwa. A bakin ƙofa ya juyo. "Zuera, ki tuna ni na..."

"Na tuna, Yaya. Shi ya sa na yi shiru da na ga lambar. Wannan shirun shi ne ladanka, na biya."

Aka sauko da shi. Mutanen layi sun taru kamar yadda suka taru da safe. Rauf ya raɓa gefen Zuera yana magana ƙasa ƙasa, wai ta yi haƙuri, shaiɗan ne, a bar maganar a nan.

Mma Amama ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Rauf. Da safe da wace murya ka kira ta?"

"Mma, ai na ba ta haƙuri."

"A kunne. Ɓarauniya a titi, haƙuri a kunne? Ba a haka. Inda ka zubar nan za ka kwashe, kuma da mudun da ka auna."

Rauf ya dubi Sufeto, ko zai cece shi. Sufeto ya buɗe littafinsa ya nuna masa layin da ya rubuta da hantsi.

"Tun daga gindin bene, ka ce. Kowa ya ji."

Rauf ya gyara murya, ya tsaya a gindin bene, ya faɗa da ƙarfi cewa Zuera ba ta saci komai ba, ita ce ma ta yi aikin.

"Mai kanti na can tsallake bai ji ba," in ji Mma Amama. "Da safe kuwa ya ji."

Ya sake faɗa. Sai da mai kanti ya ɗaga hannu, sannan Sufeto Ishawu ya rufe littafinsa, ya tasa ƙeyar Kassim zuwa mota.